Ƙudan Zuma a Bangon Goggo Dije

Ku da kuke cika mini benci kowace la'asar kuna nuna mini bidiyo a waya, kuna cewa ai cire ƙudan zuma ba komai ba ne illa hayaƙi da bokiti, ku gyara zama. Labarin aiki ɗaya tak zan ba ku. Ba shi ne mafi girma da na yi ba, harbin da na sha a cikinsa ma bai kai a faɗa ba. Amma kwana arba'in na yi ina cin tuwo ba na jin ɗanɗanonsa, saboda ɗakin wata tsohuwa ne a hannuna. In na fitar da ƙudan daga bangonta ba tare da na fasa shi ba, ɗakin ya tsira. In na kasa, ɗanta zai rushe shi.

Goggo Dije ake ce mata, a wani ƙauye da ke kan hanyar Kafin Hausa in ka baro Haɗeja. Iyayenta makiyaya ne, ita ma a bayan shanu ta tashi, sai aure ya zaunar da ita wuri ɗaya. Mijinta ne ya gina ɗakin da hannunsa, na laka, bango mai kauri, rufin azara. Ya rasu ya bar ta a ciki. A jikin bangon akwai wani tsohon alkuki da aka toshe, gara ta bi ta rarake bayansa, sai ƙudan zuma suka samu tsaga ta waje, ƙarƙashin indararo, suka shige. Shekara bakwai suna zaune tare, ba ta taɓa su ba, ba su taɓa ta ba.

Rigimar ta tashi ne ranar da ɗanta na fari, Alhaji Buba, mai injin casar shinkafa a nan Haɗeja, ya kai iyalinsa gaisuwa. Ƙaramar 'yarsa ta je wasa gindin bangon, ƙuda biyu suka harbe ta a wuya, ta kumbura har sai da aka kai ta asibiti. Ta warke, amma ran uban ya ɓaci, kuma ban ga laifinsa ba. Washegari ya aiko mota ta ɗauke ni.

"Malam Ya'u, ba dogon zance," in ji shi, muna tsaye a tsakar gidan. "Ko ka fesa musu magani yau, ko in kawo magina su ture ɗakin. Ga ɗakin bulo can na gina mata, har da fanka, shekara biyu ke nan ta ƙi shiga."

Na zagaya bangon, na ƙwanƙwasa, na kara kunne. Ƙugi ne a ciki kamar injin markaɗe daga nesa. Ambaliyar daminar da ta wuce ta jiƙa gindin bangon, wata tsaga ta hau daga ƙasa har kusa da azara. In na sa diga na buɗe, rufin zai biyo ni. Magani kuwa, na gaya masa, shi ne mafi muni. Ƙudan za su mutu a ciki, zafin bazara ya narkar da zumar ta tsiyaye cikin laka, wari ya tashi, kiyashi da gara su yi biki, ƙarshenta dai a fasa bangon.

Goggo tana zaune a kan tabarma tana tsince wake, ta ba mu rabin baya. Kun san al'adarsu. Ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta kallon idonsa, balle ta roƙe shi wani abu. Duk abin da za ta gaya masa sai ta bi ta kan wani, ko da yana tsaye a gabanta.

"Ɗan nan," ta ce da ni, "tambayi mutumin nan, ɗakin ne ya yi harbin?"

Alhaji ya yi kamar bai ji ba. Ni kuwa na ce akwai hanya ta uku, amma tana son kwana arba'in.

"Arba'in?" in ji Alhaji. "Wankan jego za su yi?"

Na ce ko kusa, amma ba ta gajarta. Ya kaɗa makullin mota, sannan ya ce, "Na ba ka. Ran arba'in zan zo da magina. In na ji ko ƙuda ɗaya a bangon nan, ba zan saurari kowa ba. Damina ba za ta same ta ƙarƙashin wannan tsagar ba."

Hanyar nan ba a waya na gan ta ba. Ni da kafinta ne. Wata rana aka kira ni gyaran silin a wani gida a Malam Madori, na ɓalle katako ɗaya, abin da na sani kawai shi ne na tsinci kaina a bakin titi ba takalmi, guduma a hannu. Kwana uku idona na dama bai buɗe ba. Masu gidan suka kira wani tsoho, Baba Haru mai amya, ya zo da malafa da wani gwangwani yana tafe kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na tsaya nesa ina kallo da ido ɗaya. Kafin magariba ya kwashe su tsaf ya zuba a amya, bai kashe ko tafin hannu ba. A ranar na bi shi gida na ce ya koya mini, ina da mata da 'ya'ya biyu a lokacin.

Shekara shida na yi a hannunsa. Ta farko bai bar ni na taɓa saƙa ba. Aikina tsintar busasshen kashin shanu, da zama a gaban amya ina kallon masu shiga da fita. In na dawo sai ya ce, "Me suka shigo da shi yau? Ƙafarsu rawaya ce ko ja?" In na yi inda-inda, sai ya ce in koma. Wata safiya na yi wanka da sabulu mai ƙamshi na zo, ya shinshina iska ya ce, "Ya'u, wurin zuma ka zo ko wurin zance?" Ya kore ni, kuma ya yi mini gata, don ƙamshi na jawo harbi. Shi ya koya mini cewa ƙudan zuma ba sa bin gida, uwarsu suke bi da 'ya'yansu. Uwar ita ce wadda kuke ce wa sarauniya. In ka kwashe dubu nawa ka bar ta, ka yi aikin banza.

Kayan aikina da kuke wa dariya yawanci irin nasa ne. Malafa ce da na ɗinka wa gidan sauro. Gwangwanin madara ne da ƙaramin zugazugi, a zuba kashin shanu a ciki, don hayaƙinsa mai sanyi ne, yana kwantar musu da hankali bai ƙona musu fiffike ba. Sai doguwar wuƙa ta yankan saƙa, da zare na ɗaure ta, da gashin agwagwa na share su, da tsani. A aljihuna na hagu kullum akwai akwatin ashana da na huda da allura, shi ne masaukin uwa in na kama ta. Rigar nan fara mai zif daga baya na saya, kuma a zafin Haɗeja wanda ya yi awa biyu a cikinta ya san ya yi aiki.

Na Goggo kuwa ya buƙaci abu ɗaya daban, mazurari. Na yanki ragar taga na naɗe ta, gindi mai faɗi, baki tsukakke daidai wucewar ƙuda biyu. Na kifa gindin a kan tsagar da suke fita, na kafa ƙusa, na liƙe gefen da laka. Duk wata 'yar kafa da ke jikin bangon na bi na toshe. Dabarar ita ce, mai fita kiwo zai bi haske ya fice ta bakin mazurarin, amma in ya dawo sai ya nufi gindin bango inda ya saba, ya tarar a rufe. Kusa da wurin na rataya amya ta kaba da na shafe da kaki. In sun gaji da neman hanya sai su shiga can. Kullum na ciki suna raguwa, abinci ya daina shiga, uwa ta daina ƙwai, har gidan ya mutu da kansa. Na gama na yi wa Goggo bayani, ta ce Allah ya yi albarka, ta ba ni fura. Na hau babur ina ganin na gama rabin aiki.

Bazara lokacin kira ne, ban samu zama ba. A makon nan na cire wasu daga lasifikar wani masallaci, inda ladan ya yi kwana huɗu yana kiran salla daga ƙasa da bakinsa. Na cire wasu daga tsohuwar mota da aka jingine a bayan gida, mai motar yana cikin ɗaki ya kulle ƙofa yana ba ni shawara ta taga. Irin waɗannan su suka fi yawa. Kafin ka fara sai su ce ka kwashe komai ba sa son ganin ko ɗigo, da sun hango saƙa fara tas a bokiti sai ka ji ana cewa a miƙo kwanon gidan. Ban taɓa hana su ba, amma saƙar da ke da 'ya'ya ba ta kowa ba ce, ta ƙudan ce.

Bayan kwana huɗu na koma ƙauyen. Na leƙa amya, wayam. Na kara kunne a bango, ƙugin nan yana nan yadda na bar shi. Na ce akwai wata ƙofa da ban gani ba. Na hau rufi, na duba indararo, na bi bangon da yatsa kamar mai neman allura, na toshe abin da ma ba rami ba ne. Na sake komawa ran takwas, labarin bai canza ba. Raina ya fara ɓaci, na fara zargin idona da shekaruna. Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Lakar da na liƙe mazurarin da ita, a wannan zafin da ke busar da wanki kafin ka juya, kullum ɗanya nake samun ta.

Ran sha biyu na ƙi tafiya da wuri. Na yi sallama da Goggo kamar zan wuce, na tsaya masallacin ƙauyen na yi magariba, sannan na dawo a ƙafa. Daga bakin zaure na hango ta. Ta ɗora turmi a gindin bango ta hau, tsohuwa mai jikoki, ta sa bakin sanda ta ɗaga gefen mazurarin. Ƙudan da suka yi cincirindo a jikin ragar suka rinƙa kwarara ciki, wasu na sauka a mayafinta, ita ko a jikinta. A ƙasa ga ɗan kasko da kwaɓaɓɓiyar laka, ta ajiye don liƙewa da asuba.

"Goggo!" na ce. "Ashe ke ce?"

Ko kunya ba ta ji ba. Ta sauko a hankali ta karkaɗe zani. "Ni ce. Kai kana Haɗeja, ba ka jin abin da nake ji. Da rana ta faɗi sai su taru a nan suna kuka. 'Ya'yansu na ciki fa, ɗan nan. Tun ina yarinya ban taɓa ganin an tsare saniya a waje maraƙinta na ciki, a ce kuma mutanen gida su ci tuwo su kwanta ba."

Dariya ta zo mini, takaici ya danne ta. Na zauna a kan turmin na ce, "Goggo, kwana sha biyu kika cinye mana. In ba su fita ba, ɗakin nan zai tafi."

Sai ta nuna amyar da sanda. "To me ka ajiye musu a can? Ɗaki ne ba kowa. Wa zai bar 'ya'yansa ya koma kango? Mu in saniya ta rasa ɗa, wani maraƙin ake kawo mata, a shafa masa gishiri ta lashe shi, sai ta karɓa. Kai ba ka kawo musu komai ba."

Maganar ta same ni, don gaskiya ce, kuma na san ta tun kafin ta faɗa. Baba Haru, Allah ya jiƙansa, bai taɓa kafa mazurari ba sai ya sa saƙa mai ƙwai da 'ya'ya a sabuwar amya. Ƙudan da suka rasa hanya in sun ji warin 'ya'ya sai su rungume su, har su yi wa kansu sabuwar uwa daga cikin ƙwan. Ni na tsallake wannan da gangan, saboda rowa.

Rowar tana da dalili. Duk ƙudan da na cire daga gidajen mutane fadama nake kai su, nesa da gari, inda masu kankana da riɗi ke murna da zuwansu. Baba Haru a kan bishiya yake rataye nasa, tsamiya ko gawo, sama can. Ni da na waye na koma akwatin katako, na jera su a kan ƙafafun ƙarfe daidai ƙugu, don in huta da hawa. Ya gani kafin ya rasu, ya ce, "Kogin nan ba ya tambayar kowa kafin ya zo." Na ce ai na auna inda ruwa ke tsayawa. Daminar nan da ta jiƙa bangon Goggo, ruwa ya zo ya wuce inda na auna da tsayin mutum. Da na samu kwalekwale na je, akwatunana suna yawo cikin ciyawar kachala, wasu a kife, saƙa ta zama baƙa. Aikin shekara da shekaru ya tafi a mako ɗaya. Biyu suka rage, tsofaffin amya na kaba da na yi ƙyuyar saukewa daga kan tsamiya. Su nake lallaɓawa kamar ƙwai, shi ya sa hannuna ya ƙi zuwa yankar musu 'ya'ya.

Washegari da sassafe na hau tsamiyar. Na zaɓi wadda ta fi ƙarfi, na yanko saƙa kamar faɗin tafin hannu biyu, mai ƙwai farare ƙanana kamar gutsuren shinkafa, na naɗe ta a ɗanyen tsumma don kada iska ta buge ta. A kan babur na rinƙa kauce wa ramuka kamar na ɗauko mai naƙuda. Na ɗaure ta da zare a cikin amyar Goggo, na sake liƙe mazurarin. Da yamma muka zauna ni da ita muna kallo. Suka taru a jikin raga kamar kullum. Can sai ɗaya ya leƙa amyar, ya fito, ya tsaya a bakinta ya ɗaga gindi yana kaɗa fiffike, wato yana kiran 'yan'uwa. Kafin a kira salla layi ya miƙe daga bango zuwa amya.

"Ka gani?" in ji Goggo. "Sun karɓa."

Daga ranar ta zama mai gadina. Ko akuya ta matso kusa da bangon sai ta sha sanda. In na zo sai ta ba ni rahoto, yau sun fi jiya raguwa, yau amya ta yi nauyi, jiya wani tsuntsu ya zo yana cafke su ta kore shi. Ƙugin bango ya rinƙa sauka. Amma lissafi ba ya ƙarya, aikin arba'in ne muke so mu gama a ashirin da takwas. Ran talatin da tara na kara kunne, har yanzu akwai motsi, ƙasa-ƙasa. Uwar tana ciki da ragowar jama'arta.

Alhaji Buba mutum ne mai cika alkawari, wannan karon ma ya cika. Ran arba'in, hantsi bai yi ba sai ga shi da magina huɗu da tifar yashi. Ya sa aka fito da kayan Goggo tsakar gida, gadon ƙarfe, akwati, ƙorai, har da buzun sallar marigayi. Ita tana gefe a tsaye. Ya shiga ɗakin ya kara kunne, ya fito yana kallona.

Na ce, "Alhaji, ba zan ɓoye maka ba, suna ciki. Kaɗan ne, amma suna ciki."

"To ai mun yi magana."

Goggo ta gyara murya. "Ɗan nan, gaya wa mutumin nan kada ya ga laifinka. Ni na rinƙa buɗe musu, kwana sha biyu."

Maginan suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Babbansu, wani mai suna Sale, ya ce shi dai ba zai ɗaga diga a bangon da ke da ƙuda ba, sai an fesa magani tukuna. Alhaji ya ce akwai jarkar magani a bayan mota. Na ce ya ba ni zuwa la'asar. In an yi la'asar ba su fito ba, ni da kaina zan matsa gefe. Ya dubi agogo, ya dubi gadon da ke rana, ya ce, "La'asar."

Abin da ya rage shi ne a koro su da hayaƙi daga ciki. Da suna da ƙarfi hakan ba ya yiwuwa, gidan da ke cike da 'ya'ya ba ya tashi don hayaƙi. Yanzu kuwa ba 'ya'ya, abinci ya ja baya, ƙila su yarda. Matsalar ita ce dole hayaƙin ya shiga ta ƙarƙashin saƙa, kuma bangon ba zai ɗauki huda biyu ba. In na huda sama, zan tura su ƙasa cikin ramin gara, shi ke nan. Na tsaya a cikin ɗakin ina shafa bango ina zufa.

Goggo ta shigo. Ta je inda kan gadonta yake a da, ta durƙusa, ta auna kamu ɗaya daga ƙasa, ta matsa hagu kaɗan, ta ɗora yatsa. "Nan. Lokacin sanyi ɗuminsu daga nan yake farawa, nan nake jingina bayana. Ƙasa da nan ba komai."

Na ɗauko siririn rodi na fara murzawa a hankali, ba bugu, ina jin kowane ɓarɓashi da ya zubo har cikin raina. Can rodin ya zurma. Na zaro shi, ba zuma a jikinsa, sai iska mai warin kaki. Ta faɗa daidai. Na zura guntun tiyo, na haɗa da gwangwanin hayaƙi. Ta karɓe shi daga hannuna, ta shinshina, ta ce wutata ta yi yawa, ta yayyafa ɗan ruwa a kan kashin shanun. "Je ka waje ka tare su. Hayaƙin garke ni na san shi kafin a haife ka."

Na ce ta rinƙa ƙwanƙwasa bangon a hankali, ba tsayawa, don wannan ma yana tayar da su. Ta ɗauki muciya. Na fita na cire mazurarin, na hau tsani, na buɗe akwatin ashana na riƙe. Na ajiye wani akwatin katako a ƙasa. Aka yi azahar, ba abin da ya fito sai siririn hayaƙi da ƙuda ɗaiɗai. Maginan suka ci ɗanwake suka kwanta a inuwar tifa. Daga cikin ɗaki ba ka jin komai sai ƙwas, ƙwas, ƙwas na muciya, da tarin tsohuwa jefi-jefi. Inuwar bango ta fara tsawo. Na ga Alhaji ya tashi ya nufi bayan mota, inda jarkar take.

Sai sautin ya canza. Wanda ya daɗe a aikin nan ya san shi, ƙugi ne da ke hawa sama kamar ruwa zai tafasa. Suka fara bulbulowa daga tsagar, ba tashi suke ba, gudu suke a ƙafa suna hawa bango. Na ƙura ido har hawaye na zuba saboda hayaƙi. Ga su nan, ga su nan, baƙi ƙirin, kowa kamar kowa. Sai ga uwar a tsakiyarsu, doguwa, mai jan ciki, fiffikenta bai rufe bayanta ba, tana sauri tana neman inda za ta ɓuya. Na tare ta da gashin agwagwa, na tura ta cikin akwatin ashana, na rufe.

"Goggo, ta fito!" na yi ihu. Muciya ta tsaya.

Na sa akwatin ashanar cikin na katako, sauran suka bi ta kamar an yi musu shela. Alhaji ya ajiye jarkar, ya karɓi malafata ya kifa a kan hularsa, ya matso yana leƙe.

"Wannan 'yar abar ce ta sa na ɗauko tifa?"

Na ce ita ce. Na gaya masa sauran aikin kwana uku ne. Za a bar tsagar a buɗe ƙudan amya su shiga su kwashe ragowar zumar, don ba mai share bango kamarsu. Daga nan in toshe da laka, in ɗauke su bayan magariba in kai fadama. Hakan kuwa aka yi, kuma gida biyu na samu, don na amya sun riga sun yi sabuwar uwa. Duka biyun a kan tsamiya na rataye su, ban sake ajiye ko ɗaya a ƙasa ba.

Amma mu koma kan Alhaji a ranar. Ya shiga ɗakin ya daɗe da kunne a bango. Ya fito ya kira Sale ya nuna masa tsagar. Sale ya duba sama ya duba ƙasa, ya ce in an tokare bangon da ginshiƙi daga waje aka yi masa yaɓe, zai kai wasu shekarun, kuma ga yashi an riga an kawo. Kowa na jiran Alhaji. Goggo tana bakin ƙofa, idanu jajur saboda hayaƙi, muciya a hannu, tana kallon ƙasa.

Ya tuɓe babbar riga ya rataya a igiyar shanya, ya je ya kama ƙarshen gadon ƙarfen.

"Malam Ya'u, kama can."

Muka ɗaga, muka shigar da shi da ƙyar ta ƙaramar ƙofar, har ya buge gwiwa. Muka ajiye shi a jikin bangon yamma. Goggo ta biyo mu ta tsaya tana kallo. Na jira ta ce in gaya wa mutumin nan. Ba ta ko dube ni ba. Ta ɗaga muciya ta taɓa hannun ɗanta da ita.

"Ba nan ba," ta ce masa. "Mayar da shi inda babanka ya ajiye shi."